Silimar ƴan Tamil: mafarinta tatsuniyoyin addini

Mun san kuna son silimar Indiya. Galibin waɗanda kuka gani a Maradi ko Damagaram daga Bombai suka fito, da harshen Hindi. To, can kudancin Indiya akwai wata al'umma, Tamil, masu harshensu dabam. Babban birninsu Madaras, wanda aka sake wa suna Cennai a 1996. Yau tarihin silimarsu za mu ba ku.

Wanda ya fara shi ne Nataraja Mudaliyar, wani mai sayar da kayan mota. Kafin 1920 ya yi "Kicaka Wadam", silima marar magana, labarin wani azzalumi da ya matsa wa Diraupadi har mijinta Bima ya kashe shi. Daga Mahabarata aka ɗauko shi, babban littafin mabiya addinin Hindu.

Me ya sa bai ƙago sabon labari ba? Ku duba. Hoto ba ya magana, sai rubutu a jikin allo, jama'a kuwa galibinsu ba su iya karatu ba. Amma kowa ya san Bima da Diraupadi tun yana yaro. Da ganin shigar mutum an gane ko wane ne. Wannan dabara ce ta mai neman kasuwa, kuma ta ci.

Ran 31 ga Oktoba 1931 aka nuna "Kalidas" a Madaras, silimar Tamil ta farko mai magana, amma a Bombai aka ɗauke ta. Wani wawan makiyayi ne aka ɗaura wa aure da ɗiyar sarki bisa makirci, aka roƙi gunkiya Kali, ta mai da shi babban mawaƙi. Abin dariya, jarumar, Rajalakshimi, tana Tamil, jarumin yana amsa mata da Telugu!

Magana ta zo, amma ba a bar tatsuniyoyin ba, don ƴan wasan daga dandalin wasan kwaikwayo aka kwaso su, da labarunsu da waƙoƙinsu. "Haridas" ta 1944 ta haura shekara biyu ana nuna ta a gidan silima guda. Sai a hankali labarun zaman duniya suka kwace gaba, musamman bayan "Parasakti" ta 1952, wadda ta soki masu ci da addini.

Abin takaici, faifan silima na zamanin nan mai saurin ruɓewa ne da kama wuta, ba a kuma damu da ajiyarsa ba. "Kicaka Wadam" da "Kalidas" duk sun ɓace, ba mai iya ganinsu yau.