Wai Da Gaske Ne Jar Giyar Inabi Tana Kare Zuciya?

TAMBAYA: Wani mai sauraronmu daga Damagaram ya ce ya ji ana faɗin wai jar giyar inabi ce take kare Faransawa daga ciwon zuciya. Yana so a ba shi tarihin wannan magana.

AMSA: To Malam, mun gode da wasiƙarka. Maganar ta daɗe. A 1979 wasu masana a Birtaniya sun gwada alƙaluman ƙasashe 18, suka ga inda aka fi shan giyar inabi, kamar Faransa, mutuwa ta ciwon zuciya ba ta da yawa, alhali Faransawa ba su wasa da man shanu da cuku.

Amma ba ta game duniya ba sai a watan Nuwamba na 1991, lokacin da gidan talabijin na CBS a Amurka ya yi hira da wani masani Bafaranshe, Serge Renaud. Kafin ka ce kwabo, cinikin jar giya ya yi tashin gwauron zabi a Amurka. Masu gonakin inabi kuwa sai murna.

Daga nan aka shiga neman sirrin. Hankali ya koma kan wasu sinadaran tsirrai da ake kira folifinol, musamman ɗaya mai suna resberatrol da ke cikin ɓawon inabi. A 2006 aka ba ɓeraye masu ƙiba shi, suka ƙara tsawon rai. Har kamfanin GlaxoSmithKline ya biya dala miliyan 720 a 2008 ya sayi kamfanin da ke wannan bincike, ya kuma rufe shi a 2013. Ka san adadin da aka ba ɓerayen nan, sai mutum ya sha kofi ɗaruruwa a rana kafin ya samu irinsa, ka ga ashe hanta za ta riga zuciya tafiya.

Shi kansa lissafin farko akwai gyara a cikinsa. A 1999 Malcolm Law da Nicholas Wald sun nuna cewa likitocin Faransa sukan rubuta wasu mace-macen zuciya da wani suna dabam, kuma Faransawa ba su daɗe da fara cin kitse da yawa ba, ita kuwa toshewar jijiya sai ta shekara da shekaru take bayyana. Sannan cikin waɗanda aka ƙidaya a matsayin marasa sha, har da waɗanda ciwo ne ya sa suka daina. A 2014 aka fito da sakamakon bin tsofaffi 783 a yankin Kiyanti na Italiya har shekara 9, ba a ga resberatrol ya rage ciwon zuciya ko mutuwa ba. A Janairun 2023 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce babu wani adadin barasa da ba ya cutarwa.

Saboda haka wanda addininsa ya hana shi sha bai yi asarar komai ba. Folifinol ɗin nan akwai shi a ganyen shayi, da jar dawa, da inabin kansa, da zoɓon da ke kasuwarku. A wani gwaji na Jami'ar Tufts a 2010, mutanen da suka sha kofi 3 na zoɓo kullum har mako 6, hawan jininsu ya sauka da kusan maki 7. Sai dai kada a cika masa sukari, kuma mai shan maganin hawan jini kada ya ajiye shi saboda zoɓo.