Lamiri da Horo: Waiwaye kan Tarihin Ikilisiyar Ƙasar Maraɗi

A darasin nahawun Hausa, lamiri shi ne ɗan guntun kalmar nan da ke nuna wanda ya yi aiki: na yi, ka yi, sun yi. A majami'a kuwa, lamiri shi ne abin da ke cikin zuciya yana gaya wa mutum gaskiyar aikinsa. Kalma ɗaya ce, daga Larabci damir, wadda can ma take ɗauke da ma'anonin biyu. Harafin farkonta Bahaushe yakan maida shi l, kamar yadda ya yi a alƙali da alwala da lalura. To, ma'anonin nan biyu tambaya ɗaya suke yi: wa ya aikata? Ina ganin da wannan tambayar za mu iya karanta tarihin masu bi na ƙasar Maraɗi.

Kalmomin sun riga mishan zuwa nan. Dorugu, yaron ƙasar Damagaram da ya bi Heinrich Barth zuwa Ingila a 1855, shi ne ya zauna da J. F. Schön yana ba shi Hausa, kuma Schön na cikin waɗanda suka fara fassara sassan Littafi Mai Tsarki. Cikakken littafin ya fito a 1932, aikin da likita Walter Miller na Zariya ya jagoranta. Masu fassara ba su da wata rumbu sai wadda suka tarar: tuba, zunubi, gafara, alhaki, duk kalmomin da malaman Musulunci suka daɗe da shigarwa cikin harshe. Ke nan Kirista da Musulmi a ƙasar nan da kalma ɗaya suke cewa sun tuba, ko da tauhidinsu ya bambanta.

Mishan ɗin SIM, wadda aka kafa a 1893, ta sauka Zinder a 1924, daga baya ta buɗe tasha a Tsibiri kafin shekarun 1920 su ƙare. Asibitin Galmi ya biyo a 1950, sannan wurin jinyar kutare na Danja, nan kusa da mu a yankin Madarunfa, a 1956. Da yawa daga masu bi na farko ta waɗannan ƙofofi suka shigo: majinyata, marayu, ma'aikatan tasha, ɗaliban makarantar Littafi.

Ga inda maganar take da nauyi. Koyarwar SIM ta ce bangaskiya ba gado ba ce, kowa da kansa zai tuba, da bakinsa zai shaida kafin baftisma. Amma tsarin zaman tasha ya ja wani wajen. Wanda ke ba ka aiki da magani da karatu, shi ne kuma ke auna ko ka girma cikin ruhu. Mai mata biyu ba ya samun baftisma. Wanda aka kama da laifi a sa shi ƙarƙashin horo, a hana shi Jibin Ubangiji har dattawa su gamsu. Horo na da amfaninsa, ba na musu. Sai dai in ya yi yawa, mutum yakan koyi tsoron ido fiye da tsoron Allah. Bahaushe na da suna ga wannan: kunya. Kunya tana tambaya, wa ya gan ni? Lamiri kuwa ba ruwansa da ko an gani. Manzo Bulus, da yake gargaɗin Korintiyawa game da Jibin Ubangiji, a hannun kowane mai bi ya sa binciken kansa. Dubi ma yadda harshenmu ke faɗin abin: ka binciki kanka. Da kai muke gina wannan magana, kan da ke ɗaukar kaya. Ba a aron na wani.

Bayan Nijar ta samu ƴancin kai a 1960, ikilisiyoyin suka haɗu ƙarƙashin EERN, ragama ta fara komawa hannun ƴan ƙasa. Akwai ƙorafin da ya daɗe, kuma yana da tushe: mishan ta fi ba karatun Hausa ƙarfi, ta yi sanyin jiki wajen ba ƴaƴan masu bi ilimin Faransanci mai zurfi, alhali da shi ake samun aikin gwamnati. Amma wajen 1990 EERN ɗin kanta ta dare, aka samu UEEPN da ikilisiyar Salama. Wannan karon rigimar tsakanin ƴan uwa ce, a kan shugabanci da tafiyar da dukiya. In ka saurari yadda ake ba da labarin har yau, lamirin da ya fi yawa a bakin mutane shi ne sun: sun danne mu, sun ci amana, sun ɓalle. Mun kaɗan ne. Na kuwa, sai an tona. Laifi tudu ne, in ji masu magana, ka taka naka ka hango na wani.

Wani abin da ya faru a gonakinmu ya fi wa'azi bayyana zancen. A 1983 Tony Rinaudo, ma'aikacin SIM ɗan Ostareliya, ya lura cewa kututturan da manoma ke sassabewa kowace shekara ba su mutu ba, saiwarsu na nan da rai. Abin da ake bukata shi ne a zaɓi ƴan tohon da suka fi ƙarfi, a rage sauran, a bar su su tashi. Lokacin yunwar 1984 aka haɗa dabarar da rabon abinci, dubban manoma suka yi. Da rabon ya tsaya, da yawa suka sare itatuwan. Waɗanda suka bari, sun bari ne don sun duba gonarsu da idonsu sun ga amfani, kuma daga wajensu sassabin zamani ya yaɗu. Itatuwan da kake gani yau in ka ratsa gonaki daga Sarkin Yamma zuwa Maraɗi, hannun mai gona ne ya raya su, babu mai tsaye a kansa.

Mu matasan yanzu, galibinmu jikokin masu bi ne. Sunan baftisma mun gada, waƙoƙi mun haddace tun muna makarantar Lahadi, mishan ɗin da za a ɗora wa laifi kuma ba shi ne ke riƙe da majami'a ba. Haɗarinmu shi ne mu maida fasto ko iyaye ko ƙungiyar matasa su zama mana sabon ido, mu yi tsarki ran Lahadi, ran jarrabawa mu yi satar amsa, a kasuwa mu tauye mudu. Tarihin nan bai ce a daina faɗin laifin manya ba. Wanda ya ci amana a gaya masa. Abin da ya nuna shi ne gyaran da aka yi don ido yakan tafi tare da mai idon.

Don haka, ƴan uwa, kafin Jibin Ubangiji mai zuwa, kowa ya ɗauki rigima ɗaya da yake ciki, a gida ko a aji ko a majami'a, ya ba kansa labarinta da jimlolin da suka fara da na. Abin da ya fito, shi za a kai gaban Allah, shi kuma za a je a nema wa gafara wajen wanda aka ɓata wa.