Garkuwar da ke Cikin Fata: Tarihin Wani Magani da Aka Yi Sakaci da Shi

A shekarar 1921 wani likita a Landan, Alexander Fleming, yana fama da mura, sai ya ɗiga majinarsa a kan faranti mai ƙwayoyin cuta, ya ga sun narke. Wannan ya nuna cewa jikin ɗan Adam yana da makaminsa na kansa. Amma da Fleming ya gano fenisilin a 1928, sai hankalin masana ya koma can, aka yi watsi da makamin gida shekara da shekaru.

Ana zaton wuta a maƙera, sai ta tashi a masaƙa. A 1981 Hans Boman na ƙasar Suwidin ya samo wasu guntayen furotin, watau feftayid, a jikin wani ƙwaron siliki, waɗanda ke kashe ƙwayoyin cuta. Sa'an nan a 1987 Michael Zasloff na Amurka ya lura cewa kwaɗin Afirka da yake yi wa tiyata, yana mayarwa cikin gurɓataccen ruwa, mikinsu yakan warke ba ruɓa. Ya binciki fatarsu, ya sami irin waɗannan guntaye, ya raɗa musu suna magainin, daga kalmar Ibrananci mai nufin garkuwa. Aikinsu shi ne su manne wa ɓawon ƙwayar cuta su huda shi, ta fashe.

Daga baya aka gane cewa fatar mutum ma tana yin nata, musamman wanda ake kira LL-37. Aikinsa bai tsaya ga kisa ba: yakan kira fararen ƙwayoyin jini zuwa bakin rauni, ya taimaka wajen tsirowar sababbin jijiyoyi da sabuwar fata. An kuwa tarar yana ƙaranci a gefen gyambon da ya ƙi warkewa. Sai dai zuma ce, ga zaƙi ga harbi, domin idan ya yi yawa yakan rura kumburi, kamar yadda ake gani a wasu cututtukan fata masu naci.

Mayar da wannan sani magani bai zo da sauƙi ba. A 1999 hukumar magunguna ta Amurka ta ƙi amincewa da man shafawar da aka haɗa daga magainin domin gyambon masu ciwon sukari, saboda bai fi magungunan da ake da su ba. Duk da haka, yanzu da ƙwayoyin cuta ke bijire wa fenisilin da danginsa, masana sun sake waiwayar wannan tsohuwar garkuwa, don ƙafar mai gyambo ba ta iya jira.