Fagen Gwabzawa a World of Warcraft: Nazarin Faɗa Tsakanin 'Yan Wasa

Akwai kalmomi uku da ya kamata mu fayyace kafin mu shiga batun. Ta farko ita ce wasan raino, wato wasan kwamfuta da ake yi ta intanet, inda mutum ke ƙirƙirar gwarzon da zai wakilce shi a wata zananniyar duniya, ya yi ta rainonsa wata da watanni yana ƙara masa ƙarfi da makami da sulke, alhali dubban mutane na yin haka tare da shi a wuri guda. Ta biyu ita ce gwabzawa, wadda 'yan wasa ke taƙaitawa da haruffan PvP, ma'ana faɗan mutum da mutum, saɓanin faɗa da dodannin da na'ura ke sarrafawa. Ta uku ita ce fage, wanda a cikin wasan ake kira Arena: ƙaramin fili ne katangagge da ake rufe ƙungiyoyi biyu masu adadi ɗaya a cikinsa, ba a tashi sai an ƙarar da ɗaya. Misalinmu shi ne World of Warcraft na kamfanin Blizzard da ke Kalifoniya a Amurka. Wasan ya fito a 2004, aka shigar masa da fage a 2007 tare da ƙarin da ake kira The Burning Crusade.

Matsayarmu a wannan nazari ita ce fagen ya haɗa manufofi biyu da ba sa ga maciji da juna. Wasan raino yana saka wa mai haƙuri: wanda ya fi daɗewa yana tarawa shi ya fi ƙarfi. Gasa kuwa tana buƙatar a fara daidai wa daida, domin abin da take son aunawa shi ne gwaninta. Kusan duk dokar da aka kafa wa fagen tun 2007 ƙoƙari ce ta sasanta waɗannan biyun, kuma wanda ya riƙe wannan zai fahimci dalilin da ya sa dokokin ba su taɓa zama wuri ɗaya ba.

An fara da rukuni uku: biyu da biyu, uku da uku, biyar da biyar. An janye na biyar a 2016, na uku kuma shi ya zama ma'aunin da ake shirya manyan gasa a kansa. A 2022 aka ba wani sabon rukuni mai suna Solo Shuffle matsayin gasa mai maki. A nan mutum shida da ba su san juna ba ke yin zagaye shida, ana sauya musu abokan tafiya a kowane zagaye. Aiki a cikin ƙungiya iri biyu ne: akwai masu bugu, akwai mai warkarwa da ke mayar wa abokansa ran da aka rage musu. Ƙungiyar mutum uku yawanci masu bugu biyu ce da mai warkarwa ɗaya.

Faɗan kansa ya ginu a kan abubuwa biyu. Na farko shi ne hutun dabara: kowace babbar dabara, ta kai hari ce ko ta kare kai, idan aka yi amfani da ita sai an jira wani lokaci, daga 'yan daƙiƙoƙi zuwa mintuna, kafin ta dawo hannu. Na biyu shi ne abin da za mu kira dabaibayi, wato duk dabarar da ke hana gwarzo motsi ko aiki na ɗan lokaci, kamar sumar da shi, ko firgita shi ya ruga ba da son mai shi ba, ko mayar da shi tunkiya. Kowane ɗan wasa yana da layar kuɓuta da ke warware dabaibayi nan take, amma an daɗe hutunta na kan minti biyu. Daga nan lissafin ya samo asali. Muddin mai warkarwa yana kan ƙafafunsa, da wuya a kashe kowa. Don haka kisa yana faruwa ne a wata 'yar ƙofa ta daƙiƙoƙi kaɗan, lokacin da aka ɗaure mai warkarwa, layarsa tana hutu, wanda ake hari kuma ya riga ya ƙarar da kariyarsa. Duk abin da ake yi kafin wannan lokaci ciniki ne: kowane ɓangare yana son ya kashe ƙaramar dabara ya tilasta wa abokin gaba ya kashe babba.

Mu dubi haɗin da ya fi kowane daɗewa da suna, wanda 'yan wasa ke kira RMP: ɗan sanɗa mai ɓacewa daga gani, da matsafi, da malamin waraka. Ƙofar fage na buɗewa, ɗan sanɗa ya lallaɓa ya sumar da ɗaya daga masu bugun abokan gaba. Matsafi ya mayar da mai warkarwarsu tunkiya. Sai su biyun su far wa na ukun, wanda ya rage shi kaɗai. Idan mai warkarwa ya tsorata ya fasa layarsa a wannan karon farko, maharan ba sa damuwa da cewa ba su yi kisa ba. Ja da baya suke yi, su laɓe, suna ƙirga lokaci da baki ta na'urar magana, har dabaibayinsu ya dawo alhali layar can tana sauran fiye da minti guda. Karo na biyu shi ne na kisa. Mai kallo da bai saba ba zai ga walƙiya da launuka kawai, ya ɗauka saurin yatsa ne ya yi aiki. A gaskiya an ci wasan tun daƙiƙar da aka fasa layar ba a kan kari ba.

Da an bar dabaibayi ba linzami, da ana iya ɗaure mutum daga farkon wasa har ƙarshe bai ɗaga hannu ba. Maganin da aka yi wa wannan shi ne raguwar tasiri. A tsarin da aka daɗe ana bi, dabaibayi iri ɗaya yana cin cikakken lokacinsa a karon farko, rabi a na biyu, rubu'i a na uku, daga nan ba ya kama mutumin sai an ɗan sarara masa. A shekarun da aka iyakance tunkiya ga daƙiƙa 8, jerin ya kasance 8, 4, 2. Dokar ta mayar da haƙuri makami, domin wanda ya yi gaggawar maimaita dabaibayi ya zubar da shi a banza. Akwai kuma katsewa: wasu dabaru sai an ɗauki daƙiƙa ɗaya ko biyu ana haɗa su, abokin gaba yana iya katse su ya kulle wa mai su wannan fannin na ɗan lokaci. Gogaggen mai warkarwa yakan fara haɗawa ya dakata da gangan, don mai katsewa ya yi sara a iska. A ganinmu babu inda karatun zuciyar abokin gaba ya fito fili a wasan kamar a wannan rabin daƙiƙa.

Ƙasar fagen ma tana da hannu a faɗan, saboda yawancin dabaru ba sa tafiya sai mai yi yana hangen wanda zai yi wa. Fagen Nagrand yana da ginshiƙai huɗu, na Blade's Edge yana da gada a tsakiya, na Lordaeron kuma kabari. Mai warkarwa yana zagaya ginshiƙi yadda zai ga nasa, matsafin abokan gaba bai gan shi ba.

Sakamakon wasanni ana tara shi ne a maki, bisa tsarin da ya samo tushe daga lissafin Arpad Elo, malamin kimiyyar da ya tsara shi domin wasan cas, hukumar cas ta duniya kuma ta karɓe shi a 1970. A tsarin Elo na asali, wanda ya fi abokin karawarsa da maki 200 ana sa ran ya ci kusan uku cikin huɗu. Cin wanda ya fi ka yana kawo maki da yawa, cin na ƙasa da kai kaɗan. A farkon fagen kowace ƙungiya tana farawa da 1500, kuma sai ta buga wasa 10 a mako kafin ta sami ladan sayen kaya. Laƙabin Gladiator a lokacin na rabin kashi ɗaya cikin ɗari ne na saman jeri a ƙarshen kakar wasa. Daga baya aka mayar da shi cin wasa 50 a saman maki 2400 a rukunin uku da uku.

A wajen kaya ne saɓanin da muka faro da shi ya fi bayyana. A kakar wasa ta uku an sharɗanta maki 1850 kafin a sayi makami, 2000 kafin sulken kafaɗa, wato wanda ya riga ya fi iyawa shi ake ƙara wa ƙarfi a kan wanda ke ƙoƙarin kamo shi. An ƙirƙiro wani awo mai suna juriya don rage ɓarnar bugun mutum a kan mutum, aka hana shan magungunan ƙarin rai a fage, a 2016 kuma aka gwada bai wa kowa ƙarfi kusan iri ɗaya ko me ya saka, kafin a janye tsarin. Da waraka ta yi ƙarfi har wasanni suka ƙi ƙarewa, sai aka kawo dokar dusashewa, wadda ke rage tasirin waraka sannu a hankali yayin da wasa ke tsawaita. Rob Pardo, wanda ya jagoranci tsara wasan, ya bayyana a wata hira a 2009 cewa yana kallon shigar da fagen a matsayin babban kuskure, domin ba a gina wasan don irin wannan gasa ba, kuma gyara dabara saboda fage yakan ɓata ta a wajen yaƙar dodanni. Abin lura shi ne manyan gasa na kamfanin ana yin su ne a wani keɓantaccen dandali inda kowa ke da damar ɗaukar kaya iri ɗaya, wato sai da aka ajiye raino gefe kafin a iya auna gwaninta.

Saura abu ɗaya da dokokin ba su iya daidaitawa ba, shi ne jinkirin saƙo, wato lokacin da danna maɓalli ke ɗauka kafin ya isa babbar na'urar wasan amsa ta dawo. An raba wasan shiyya-shiyya, da ta Amurka da ta Turai da na gabashin Asiya, babu ta Afirka. Ɗan wasa a Kano ko Yamai yakan shiga shiyyar Turai ne, saƙonsa kuma yana yin tafiyar da ta fi ta abokin karawarsa na Faransa ko Jamus nisa ƙwarai. A yaƙi da dodo wannan bai cika yin illa ba. A fage kuwa, inda ake katse dabara a cikin rabin daƙiƙa, irin wannan ɗan wasa yakan gwammace gwarzon da bugunsa ke ci a hankali, ya bar wa wani aikin katsewa.