Daga Zauren Majalisa Zuwa Sabon Gari: Rikicin 1953

Duk ɗan ƙungiyar da ya taɓa halartar taronmu a nan Greensboro ya san yadda gardama kan yi zafi har wani ya ɗauki makullin motarsa ya kama hanyar Wendover Avenue cikin fushi. A taron ƙungiya abin kan tsaya a nan. Amma akwai lokacin da irin wannan ficewa a majalisar ƙasa ta ƙare da zubar da jini a Kano.

Ranar 31 ga Maris, 1953, Majalisar Wakilai tana zama a Legas ƙarƙashin tsarin mulkin Macpherson na 1951, wanda ya ba Arewa rabin kujerun zaɓaɓɓun wakilai. A ranar ce Anthony Enahoro na jam'iyyar AG ya gabatar da ƙudiri cewa Nijeriya ta sami mulkin kai a 1956. Sardaunan Sakkwato, Ahmadu Bello, jagoran NPC, ya miƙe ya kawo gyara: a cire shekarar, a ce za a karɓi mulkin kai da zarar an ga zai yiwu.

Kowane ɓangare yana da hujjarsa. 'Yan Kudu na ganin idan ba a yanka rana ba, Turawa ba za su taɓa tafiya ba. Shugabannin NPC kuwa na cewa ba a fafe gora ranar tafiya. Ilimin boko bai yaɗu a Arewa ba, akawunan gwamnati da ma'aikatan reluwe da na gidan waya galibinsu 'yan Kudu ne, saboda haka suna tsoron Bature ya tafi wani ya gaje kujerarsa. Ba kuma duk Arewa ce ke kan wannan ra'ayi ba, domin NEPU ta Malam Aminu Kano na son a gaggauta 'yanci.

Da an bi ƙa'ida, da an tafka muhawara a kan gyaran, kowa ya faɗi ta bakinsa, a kaɗa ƙuri'a. Maimakon haka sai Malam Ibrahim Imam, wakili daga Barno, ya nemi a ɗage muhawarar. 'Yan AG da na NCNC suka ɗauki wannan a matsayin dabarar binne ƙudirin da ƙarfin rinjaye, suka tashi suka fice daga zauren. Ministocin AG ma suka ajiye muƙamansu a majalisar ministoci. Masu rinjaye sun rufe bakin magana, marasa rinjaye sun bar wurin maganar. Sardauna cikin ɓacin rai ya kira haɗewar Kudu da Arewa ta 1914 kuskure.

Maganar da ba a ƙarasa a zaure ba sai ta koma titi. Jama'a a Legas suka yi wa wakilan Arewa ihu, jaridun Kudu suka riƙa kiran su 'yan amshin shatan Turawa. Wakilan suka koma gida da wannan ciwo a rai.

Ba a jima ba AG ta shirya rangadin Arewa don tallata 1956, ƙarƙashin jagorancin Samuel Ladoke Akintola. Aka tsara taro a Colonial Hotel da ke Sabon Garin Kano ranar 16 ga Mayu. Magoya bayan NPC suka yi gangamin nuna ƙin amincewa, hukuma ta janye izinin taron, amma wuta ta riga ta kama. Kwana huɗu ana faɗa tsakanin mutanen birni da Fagge da mazauna Sabon Gari. Rahoton gwamnati ya ce mutum 36 suka mutu, 241 suka jikkata. Abin takaici, yawancin 'yan Kudun da abin ya rutsa da su Ibo ne, alhali ƙarfin AG a ƙasar Yarabawa yake. Babu ɗaya cikin mamatan da ya zauna a majalisar da aka yi gardamar.

A cikin watan Mayun ne majalisun Arewa a Kaduna suka amince da buƙatu takwas, waɗanda da an aiwatar da su da gwamnatin tsakiya ta zama sai suna. Sakataren Mulkin Mallaka na Ingila, Oliver Lyttelton, ya kira shugabannin jam'iyyu taro a Landan a Yuli da Agusta 1953, aka ci gaba a Legas a Janairun 1954. Sakamakon shi ne tsarin tarayya na 1954, da yarjejeniyar cewa kowace jiha ta karɓi mulkin kai lokacin da ta shirya. Yamma da Gabas suka karɓa a 1957, Arewa ranar 15 ga Maris, 1959, ƙasa baki ɗaya ranar 1 ga Oktoba, 1960.

Jama'a, ku dubi wannan maslaha da kyau. Babu abin da ke cikinta da ya fi ƙarfin wakilan da suka zauna ranar 31 ga Maris. Mutanen nan dai su ne suka amince da ita a Landan, bayan an binne gawarwaki a Kano. Abin da ya ɓace a ranar shi ne haƙurin masu rinjaye su bar muhawara ta kai ƙarshe, da juriyar marasa rinjaye su zauna ko da za su sha kaye. Allah Ya jiƙan waɗanda suka rasu, Ya sa mu ɗauki darasi.