Ruwan Da Ya Kori Turawa Daga Sohra

Na isa Sohra, garin da Turawa suka raɗa wa Cherrapunji, cikin watan Yuli, ana tsuga ruwa kamar da bakin ƙwarya. Garin yana kan tsaunukan Khasi ne, a jihar Meghalaya ta arewa maso gabashin Indiya. Galibin baƙi ruwan Nohkalikai suke zuwa gani, wanda ke faɗowa daga tsayin mita 340. Ni ma na je, amma hazo ya rufe shi ruf, ƙuginsa kawai na ji. Abin da na gani da kyau shi ne dutsen tunawa da David Scott, Baturen mulkin da ya mutu a nan a 1831.

To, mai karatu, labarin Scott ba ya cika sai da na Tirot Sing, sarkin Nongkhlaw. Scott ya nemi izinin fasa hanya ta ƙasarsa don haɗa Assam da Sylhet, sarkin ya amince. Daga baya ne ya gane cewa hanyar Bature ba ta zuwa ita kaɗai, soja na biye da ita. A watan Afrilun 1829 mutanensa suka far wa Turawan da ke Nongkhlaw, suka kashe hafsoshi biyu. Aka yi kusan shekara huɗu ana fafatawa, kwari da baka da takobi a gaban bindiga (ni dai Burmi ta faɗo mini a rai). A 1833 ya shiga hannu, aka kai shi Dhaka, can ya rasu a 1835.

Turawa suka kafa hedikwata a Sohra, don sanyinta ya yi musu kama da gida. Ashe ba su yi shawara da damina ba. Iskar da ke kwaso danshi daga Tekun Bengal tana ratsa filayen Bangaladash babu abin da ya tare ta, sai ta ci karo da waɗannan tsaunuka ta juye kayanta. Daga Agustan 1860 zuwa Yulin 1861 an auna milimita 26,461. Kano, a yawancin shekaru, ko 1,000 ba ta samu. A tsakiyar shekarun 1860 suka tattara komatsansu suka koma Shillong.

Su kuwa Khasi suna nan. Washegari na gangara dubban matakala zuwa ƙauyen Nongriat, na haye rafi a kan gadar da suka saƙa da saiwar itacen roba mai rai, gwiwoyina na rawa, wata tsohuwa da kwando a baya tana jira in ba ta hanya.