Zanen Bangon Birnin Zazzau

Yau hirar tamu ta tarihi ce, amma fa ba tarihin yaƙi ko na sarauta ba. Tarihin bangon gida ne, wanda muke jingina da shi kullum ba mu taɓa ɗaga ido mun dube shi ba.

Abin da ya jawo maganar kuwa, wani dare ne cikin shekarar 2022, na gama kwantar da yara ina kallon talabijin, sai aka nuno wani ɗan tsibiri a ƙasar Japan mai suna Naoshima. Mutanensa ba su fi dubu uku da 'yan kai ba. Da can an san shi da masana'antar narka tagulla wadda aka kafa tun 1917, samari kuma suna ta guduwa birane suna barin tsofaffi. A 1992 aka buɗe gidan ajiye zane-zane na zamani a wurin, wanda wani gwanin tsara gini mai suna Tadao Ando ya tsara. Daga 1998 kuma sai aka bi tsofaffin gidajen da aka ƙaurace wa a unguwar Honmura, aka gyara su, aka ba masu zane suka ƙawata cikinsu. Na farkonsu ya kai shekara 200 da ginawa. Yanzu daga ko'ina a duniya ake zuwa kallo. Har na ga wata mace ita kaɗai da 'yar jakarta ta sauko daga jirgin ruwa, tana bi lungu-lungu tana leƙa gidajen.

Wallahi sai jikina ya yi sanyi. Na tuna zauren gidan kakana a cikin birnin Zariya, inda aka haife ni. A saman ƙofarsa akwai dagi babba, a gefe guda takobi, a ɗaya gefen kuma keke har da ƙararrawarsa, duk da ƙasa aka fito da su. Muna yara mukan bi tayar keken da yatsa. Washegari na nemi izinin maigida, na ce zan shiga birni ni kaɗai, ba biki ba, ba suna ba, bango kawai zan je kallo. Ya yi dariya har da riƙe ciki, ya ce a dawo lafiya.

Na sauka a Ƙofar Doka na kama tafiya a ƙasa. Kafin in gaya miki abin da na tarar, bari in ba ki tarihin abin da na je nema.

Gini a Zazzau sana'a ce ta gado, mai sarkinta, wato Sarkin Magina. Da tubali ake tayar da bango, a yi rufi da azarar giginya wadda gara ba ta cika ci ba, a ɗaure baka a tsakar soro, a kafa zankwaye a saman gini, a sa indararo don ruwan sama ya zuba nesa da bango. In an zo yaɓe sai a sa makuba, wadda ake samu daga ɓawon ɗorawa, ko kuma laso, wanda ake haɗawa da katsin marina da gashin majema da dafara. Kin ga ashe marini da majemi duk suna da hannu a bangon gidanku. Tun yaɓen yana ɗanye magini zai sa hannu ya fito da zane, ba takarda ba ma'auni, daga kansa kawai.

Uban maginan nan kaf shi ne Muhammadu Durugu, wanda aka fi sani da Babban Gwani. Shi ya gina Masallacin Juma'a na Zariya a zamanin Sarkin Zazzau Abdulkarimu, wanda ya yi sarauta daga 1834 zuwa 1846. Ginshiƙai ne manya na ƙasa, da bakuna masu tashi sama su haɗu, jikinsu duk zane. Masana gine-gine daga ƙasashen waje sun zo sun auna shi, sun yi rubutu a kansa, sun sa shi cikin gine-ginen ƙasa mafiya kyau a Afirka ta Yamma. A shekarun 1970 aka kewaye shi da sabon gini na siminti, aka bar tsohon daga ciki. Har yau akwai unguwa a birni da ake kira Babban Gwani. Tsofaffi suna ba da labari wai wani sarki ne ya sa aka kashe shi bayan ya gama masa gini, don kada ya yi wa wani irinsa. Wannan zancen baka ne, amma ya ishe ki gane girman gwanintarsa a idon mutane.

Da farko zane na masallaci ne da fada da gidajen manya. Bayan zuwan Turawa, da jirgin ƙasa ya iso, cinikin gyaɗa da auduga ya buɗe, sai 'yan kasuwa da masu sana'a su ma suka shiga ƙawata fuskar zaurukansu. A nan abin ya ƙara armashi, don magina ba su tsaya a kan dagi da takobi ba. Duk abin da zamani ya kawo sai su ɗora shi a bango: keke, mota, agogo, har jirgin sama. Da siminti da fenti suka shigo, aka koma karce zanen a jikin siminti ana shafa masa launi. A 1963 wani Bature mai suna Kirk-Greene ya fitar da ɗan littafi sukutum a kan gidajen nan masu zane na Zariya. To kin ji, abin da ake kira zanen zamani, maginanmu sun daɗe suna yin nasu a bakin hanya, kyauta, kowa ya gani.

Wani abin mamaki, a daidai wannan lokaci, can bayan ganuwa wajen Samaru, wani tarihin ake kafawa. A kwalejin da ta zama Jami'ar Ahmadu Bello a 1962, wasu ɗalibai masu koyon zane suka kafa ƙungiya a 1958. Cikinsu akwai Uche Okeke da Demas Nwoko da Bruce Onobrakpeya da Yusuf Grillo. Suka ce ba za su zauna suna kwaikwayon zanen Turawa kawai ba, kowa ya koma ga gadon gidansu ya haɗa da abin da ya koya a aji. Shi Uche Okeke zanen da ake kira uli ya ɗauko, wanda matan Ibo suke yi a jiki da bangon ɗaki, mahaifiyarsa ma gwanarsa ce. Cikin malamansu har da mace, Clara Ugbodaga-Ngu, haifaffiyar Kano. Yau ayyukan waɗannan mutane suna rataye a manyan gidajen tarihi na duniya, sunan Zariya kuma yana biye da su. Su sun gane cewa da tsohuwar zuma ake magani.

Kada ki ce ai wannan harkar maza ce. Jeren da Iya ta yi miki ranar da aka kai ki ɗaki, kwano kan kwano, launi ya bi launi, mene ne in ba zane ba? Matan cikin birni da ke zaune a tsakar gida suna ɗinkin babbar riga, suna fito da aska biyu da aska takwas da zare da allura, ai dagin da ke bango shi ne a hannunsu.

To, na iso gidan kakana. 'Yar uwa, babu zaure. An rushe shi an yi shaguna biyu da ƙofar ƙarfe. Goggona ta tare ni, ta ce, “Ke 'yar nan, lafiya kika zo ba sanarwa?” Na ce, “Goggo, keken bango na zo gani.” Ta yi shiru, can ta ce, “Ai damina uku ke nan. Bangon ya tsage, mai yaɓen ya rasu, yaransa duk sun koma bulo. Kuɗin hayar shagon nan kuma da shi ake cefane.” Ban ga laifin kowa ba. Ginin ƙasa yana son yaɓe a kai a kai, ga tsadar rayuwa, ga gida ya zama na magada goma. Abin da ya fi yi mini ciwo shi ne ko hoto ɗaya ba wanda ya ɗauka.

Na ci gaba da yawo har la'asar. Na sami 'yan gidaje jefi-jefi da zanensu, wani rabi ya zube, wani an manna masa hotunan 'yan siyasa. Na biyo ta ƙofar fada, na tsaya na daɗe ina kallon adonta. Masallacin Babban Gwani yana nan kusa, na hango shi, na ce yamma ta yi, sai wani jiƙon. Ashe ba rabo. Ranar Juma'a 11 ga Agusta, 2023, ana cikin sallar la'asar wani sashe nasa ya rufta a kan masallata, aka yi asarar rayuka. Allah Ya jiƙansu, Ya sa sun yi shahada. Daga baya aka shiga aikin sake gina masallacin.

Can a tsibirin Naoshima akwai wata ƙatuwar kabewa rawaya mai ɗige-ɗige da wata mata, Yayoi Kusama, ta ƙera aka ajiye a bakin teku a 1994. Guguwa ta yi awon gaba da ita a 2021, ba su haƙura ba sai da suka mayar da wata a 2022. Kabewa fa! Mu kuwa aikin kakanninmu ke zubewa muna wucewa.

Ba cewa nake kowa ya zauna a ɗakin da ke yoyo ba, rai ya fi bango. Roƙona kaɗan ne. In akwai zane a gidanku ko gidan mijinki, ki ɗauke shi hoto yau da wayar da ke hannunki. Ki tambayi tsofaffin gidan wane magini ya yi shi, a zamanin wane sarki, ki rubuta a bayan littafin yaro. In an tashi gyara, ki lallaɓa maigida a bar fuskar zauren, ko a nemi mai zane ya mayar da irinsa a sabon ginin. In kin sami sarari kuma, ki nemi izini ki shiga birni ki zaga, ko ke kaɗai, ko ki riƙo hannun 'yarki. Ba jirgi za ki hau ba, kuɗin Keke Napep ne kawai.

Allah Ya jiƙan magabatanmu, Ya ba mu ikon riƙe abin da suka bari. Sai mun haɗu a rubutu na gaba.